Tinamu Mai Tukku da Amsar Babana

Akwai wani tsuntsu da ake kira tinamu mai tukku. Ba a ƙasarmu yake ba, kuma har yau ban taɓa ganin sa da rai ba, duk da na shafe shekara huɗu ina auna ƙoƙon kansa da ƙasusuwan bakinsa. A kan wannan tsuntsu na yi wa babana wani abu da in na tuna, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai in ajiye cokali.

Karatun digiri na uku ya kawo ni Landan. Jami'ar tana wajen Aldwych, amma ni rabona a cikinta wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, cike da durowoyin katako daga ƙasa har rufi. A cikin kowace durowa tsuntsaye ne a jere rigingine, an cire naman an cusa musu auduga, an ɗaura wa kowanne 'yar takarda a ƙafa. Ɗakin warin kafur yake yi, har kayana suka ɗauka. Matata ta ce in na shigo bas ko ba ta ɗaga kai ba za ta san ni ne. Mai kula da karatuna wata farfesa ce, Baturiya, tsohuwa, 'yar siririya mai son dariya, kullum da kofin shayin da ta manta da shi har ya huce.

Tana da wani wasa da take yi wa duk baƙon da ya shigo ɗakin, kuma ranar farko ta yi mini shi. Ta jawo durowa ta ɗauko wani tsuntsu mai girman sagarar kaza, launinsa ƙasa-ƙasa da zane-zane, da fararen layuka biyu a gefen fuska, da wani dogon tukku siriri da ya tafi baya sannan ya lanƙwaso sama. Ta juya takardar ƙafarsa don kada in karanta, ta ce in gaya mata danginsa.

Ni kuwa na zo da digiri biyu da cika baki. Ko taɓa shi ban yi ba. Na ce ai wannan fakara ce, ko dai wata 'yar uwarta ta kusa, a gefen gonakin garinmu na taso ina tayar da su. Sai ta tafa hannu don murna, ta ce madalla, na faɗi daidai inda kowa ke faɗuwa.

A ranar ta zaunar da ni ta koya mini abin da ya kamata in riga na sani. Masana sun raba tsuntsayen duniya gida biyu, kuma ba da gashi ko girma suka raba su ba, da ƙasusuwan rufin baki ne. Babban gida shi ne na kusan kowa: kaza, zabo, fakara, kurciya, shaho, har gauraka. Ƙaramin gida kuwa na jimina ne da 'yan uwanta manya marasa tashi na Kudancin Amurka da Ostireliya da tsibiran da ke can gaba. A wannan ƙaramin gida tinamu yake. Shi kaɗai ne a cikinsu yake iya tashi, shi ma tashin na dole ne, ya yi fir da ƙara ya sauka nan kusa, don gudu ya fi masa sauƙi. Masu tukkun iri biyu ne. Ɗaya yana zaune a busassun filayen Ajantina masu gajerun itatuwa, har can kudu inda iska da sanyi suke, ya ɗan leƙa Chile. Ɗayan yana dajin ƙaya mai zafi a arewacin Ajantina da Faraguwai, kuma ba a san shi sosai ba. Tsaba da ganye da ƙwari suke ci, suna wankan ƙura kamar kaji, da sanyi su haɗu garke-garke. Ta ce kada in damu, Turawan da suka fara zuwa can ma da sunan fakarar ƙasarsu suka kira shi. Na yi dariya tare da ita, amma abin ya tsaya mini a rai, don ba na son a kama ni ban sani ba.

Yanzu sai in faɗi ko wane ne babana, tun da a lokacin ban faɗa ba.

Babana mai kiwon tsuntsaye ne a gidan wani attajiri a garinmu. Alhajin yana da wani babban fili a bayan gida inda ya tara ɗawisu da gauraka da agwagi da zabi, da jiminu waɗanda su ne abin alfaharinsa. Babana ne ke ba su abinci, ya share kashinsu, ya yi musu magani, in jimina ta haɗiyi waya ko ƙusa shi ne zai rufe mata kai da tsohuwar safa ya zura hannu a bakinta ya ciro. Shekara talatin yana wannan aiki. Mahaifiyata ta rasu ina ɗan shekara uku, shi kuwa ya ƙi bayar da ni ga dangi. A kafaɗa yake ɗauka ta zuwa wurin aiki, ya zaunar da ni a kan kifaffen kwando a inuwa, ya ce kada in matsa kusa da namijin jimina in wuyansa ya yi ja. A nan na fara sanin tsuntsu. Amma da na shiga makaranta yara suka laƙaba mini “ɗan mai jimina”, suna toshe hanci in na wuce, sai na fara bi ta wata hanyar don kada a gan ni ina shiga ta ƙofar bayan gidan. Na girma, na yi karatu, na hau jirgi, kuma wannan ƙofar bayan ta biyo ni har Landan.

Wata rana muna shan shayi Farfesa ta tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce a harkar gona da dabbobi ya yi aiki, yanzu ya yi ritaya. Ta ce, a ma'aikatar gona ke nan? Sai na gyaɗa kai. Ban furta ƙarya da bakina ba, kuma na daɗe ina kare kaina da wannan hujja, kamar gyaɗa kai ba magana ba ce.

A shekarata ta uku idon Baba ya yi yana, har ya daina gane mutum sai ya yi magana. Muka kawo shi Landan a yi masa aiki. Muna zaune a Deptford, a wani ɗan gidan sama mai ɗaki biyu, shi kuwa bai saba da zaman ɗaki ba. Bayan an yi wa ido ɗaya aiki an rufe shi da 'yar roba, sai ya wuni a bakin taga yana sauraron tantabaru. Matata, wadda ke aikin jinya, ita ta fara jin tausayinsa.

“Dakta mai jiran gado,” ta ce, “ka kai Baba ya ga wurin aikinka mana. Tun da ya zo, daga flat sai hospital.”

Na ce wurin ba a shiga haka nan, sai da visitor pass, wato takardar izinin shigar baƙo.

“To ka yi booking. Mutumin da ya yi rayuwarsa da tsuntsaye, kana da ɗaki cike da su, kana cewa pass?”

Sai na nemi izinin. Amma na zaɓi ranar Laraba da rana, don na san Farfesa tana da taro a lokacin. Ashe an ɗage taron.

Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, na ɗora masa kwat ɗin da na saya masa a kai. Muka sauka ƙasa a hankali, yana riƙe da hannuna. Da muka isa ƙofar ɗakin, ya ji muryar mace mai girma a ciki, sai ya tsaya ya sunkuya ya fara cire takalmi, kamar yadda ya yi shekara talatin a ƙofar falon Alhaji. Na ce masa ƙasa-ƙasa, da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba, “Baba, sa takalminka, ba a yin haka a nan.” Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin.

Farfesa ta taso da fara'a ta tarbe shi. Ba ya jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, ni ne a tsakani. Ta ce in gaya masa ɗansa mai ƙoƙari ne. Na gaya masa, har na ɗan ƙara gishiri. Ta zagaya da shi, tana jawo durowoyi, yana sunkuyawa da idonsa ɗaya mai hazo yana kallo. Da ya ga gauraka a kwance da auduga a ido sai ya ce, “Allah sarki.” Ina ta addu'a a raina mu gama mu fita. Sai na ga ta nufi durowar nan, tana murmushin da na sani.

Ta ɗauko tinamu, ta juya takardar ƙafarsa duk da mutumin ba ya karatun boko, ta ce in tambaye shi ko wane dangi ne wannan.

Baba ya goge hannuwansa a jikin kwat, ya yi bismilla, ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri. Bai dogara da ido ba, ya san nasa ba abin dogara ba ne a lokacin. Ya shafa tukkun, ya bi bayan da tafin hannu. “Ka yi nisa da gida,” ya ce wa tsuntsun. Sannan ya sauka kan ƙafafun, ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake ƙirgawa, ya laluba bayan ƙafar. Daga nan ya hau kan bakin, ya sa farcen babban yatsa ya bi gefensa daga tushe har tsini, sau biyu. Na ga fuskarsa ta sauya, irin yadda take yi in ya ji muryar wanda ya sani a cikin kasuwa.

“Wannan ba fakara ba ce,” ya ce. “Rigarta dai aka ɗinka masa. Duba ƙafar, yatsu uku ne, babu na baya, babu ƙaimi. Wannan ɗan gudu ne, ba ya kwana a reshe. Kawo hannunka ka taɓa nan, gefen bakin. Ka ji wannan tsagar da ta bi tsawonsa, kamar ɓari-ɓari aka haɗa bakin? Kaza ba ta da ita, zabo ba shi da ita, fakara ba ta da ita. A bakin jimina kaɗai na san ta. Ka tambaye ta, waye ke kwanci a kan ƙwan? In namiji ne, to wannan ƙanin jimina ne, ko da kuwa tsayinsa bai kai gwiwarta ba.”

Ya juya fuskarsa wajen Farfesa yana jira. Ita ma ta juyo wajena tana jira.

Na san ya yi daidai. Wannan shi ne abin da ba zan iya wanke kaina daga gare shi ba. Da a ce na ɗauka shirmen ƙauye yake yi, na rufa masa asiri, da sai a ce kuskure ne. Amma ni ne na shafe shekara uku ina rubutu a kan wannan tsagar da farcensa ya gano. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in na faɗi amsarsa, za ta zabura ta ce ta yaya ya sani, kuma amsar ita ce kwando da tsintsiya da ƙofar baya, ma'aikatar gona kuwa ta rushe a gabana. A ƙarƙashin wannan akwai wani abu da ya fi shi muni, wanda sai daga baya na yarda in kalle shi: mutum da rabin ido, wanda bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, ya ci jarrabawar da na faɗi da digirina biyu. Hassada na yi wa ubana.

Na juya wajenta na ce da Turanci, “Ya ce ya yi kama da fakarar gida.”

Ta tafa hannu, kamar yadda ta yi mini. Ta kaɗa masa yatsa cikin wasa tana girgiza kai, ta ce in gaya masa kada ya damu, ɗansa ma haka ya ce. Sannan ta shiga yi masa bayani da zuciya ɗaya, a hankali, kamar mai koya wa yaro. Ta ɗauko ƙoƙon kan tinamu da na fakara da na jimina ta jera a kan tebur, ta kifa su, ta nuna masa rufin bakin. Ta buɗe wani ƙaramin akwati da ake rufewa don haske yana kashe launin abin da ke ciki, ta nuna masa ƙwan: kore shar, yana ƙyalli kamar tangaran da aka goge. Ta ce namiji ne ke yin gurbi a ƙasa a gindin ɗan kurmi, mata su zo su zuba masa ƙwai su wuce wajen wani, shi kaɗai zai yi kwanci, shi kaɗai zai yi yawo da 'yan tsakin. Ta ce in gaya masa, abin mamaki, wannan ɗan tsuntsu ɗan uwan jimina ne.

Sai ga ni ina mayar wa babana maganarsa da ya faɗa minti biyar da suka wuce, a matsayin gyaran da aka yi masa. Na yi ƙoƙarin lanƙwasa ta. Na ce, “Baba, ta ce haka ne, namiji ne ke kwanci.” Amma ya ga yatsan da aka kaɗa masa, ya ga girgiza kan, kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana karanta fuskar maigida ba ya buƙatar tafinta don ya san an ce masa ya faɗi. Ya sa farce ya danna rufin bakin jiminar, ya danna na tinamu, ya gyaɗa kai shi kaɗai. Ya mayar da tsuntsun cikin durowa da kansa, ya gyara masa tukku don kada ya karye.

Sannan ya ɗan rusuna ya ce, “Ka ce mata na gode. Na ƙaru.”

Wannan kam na fassara ta duka, ban rage ko kalma ɗaya ba.

A bas muka zauna a ƙasa, don ba ya iya hawa matakala. Ana yayyafi, la'asar ta kusa. Bai yi magana ba har muka hau gada, ruwan kogin yana ƙasa launin toka. Ina ta nuna masa gine-gine ina faɗin sunayensu kamar ɗan rakiyar baƙi, don kada shirun ya kashe ni. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Da can Turawa sukan zo gidan Alhaji kallon jiminu. Kalma ɗaya na tsinta a wajensu, ostirich, sunan da suke kiran jimina. Na kasa kunne in ji ta a bakinka. A bakinta na ji, har sau huɗu.”

Na ji kamar ƙasan bas ɗin ya buɗe in faɗa kogin. Maimakon in yi shiru, sai na ƙara wata ƙarya a kan ta farko. Na ce, “Baba, ai Turanci ba a fassara shi kalma da kalma.”

“Haka ne,” ya ce. “Kai ka san shi.” Ya ci gaba da kallon taga.

Da muka isa gida matata ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi yadda ya ga wurin. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran hukunci. Sai ya ce mijinta yana da babban wuri, matar da ke shugabantarsa tana girmama shi ƙwarai, kuma ya ga wani ƙwai kore da bai taɓa ganin irinsa ba. Ya nemi ruwan alwala. Ko da wasa bai taɓa gaya mata ba, ni ne na gaya mata da kaina bayan kwana biyu, a kicin, don abin ya hana ni sakat. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube ni.

“Ka yi editing ɗin Baba? Yana tsaye a wurin?”

Na fara cewa ai ya ambaci rigar fakara, don haka ba gaba ɗaya ƙarya ba ce.

“Don Allah ka daina,” ta ce. “Ba ni za ka yi wa explaining ba. Ka je ka same shi.”

Ranar Asabar na fita da shi kasuwar Deptford sayen kaza da kuɓewa. Yana son kasuwar, don a nan ne kaɗai yake jin hayaniya irin ta gida, da warin busasshen kifi da manja daga shagunan mutanen Afirka ta Yamma. Muna tsaye a gaban mahauci, yana leƙen tiren ƙafafun kaji, na ce masa ina so mu koma wajen Farfesa ranar Litinin. Na ce zai sake faɗin abin da ya faɗa, ni kuma zan fassara shi duka.

“A'a,” ya ce. “Na riga na faɗa. Kada ka je ka tona wa kanka asiri a wurin cin abincinka, kuma ita ba ta yi laifi ba, kada ka sa ta jin kunya.” Sannan ya ce, “Me ka gaya mata ina yi?”

Ban san yadda ya gano akwai wannan ba. Na sunkuyar da kai na ce, ma'aikatar gona.

Ya yi 'yar dariya, ba ta ɗaci ba, wadda da ta ɗaci ce da ta fi mini sauƙi. “To ai ba laifi,” ya ce. “An ƙara mini girma. Da ofis da komai?”

A nan, tsakanin mahauci da mai sayar da doya, mutane suna ture mu suna wucewa, na ce, “Baba, ka yafe mini.” Ya ce ya yafe tun a bas. Ya ce in karɓi kazar mu tafi, mutumin yana miƙo mini tun ɗazu. Na so ya zage ni, na so ya tuna mini kafaɗar da ya ɗauke ni a kai, in samu abin da zan yi kuka a kansa in huta. Bai ba ni wannan ba.

Aka yi wa ido na biyu aiki, ya warke, ya koma gida yana ganin komai tar. Mako guda bayan tafiyarsa na saɓa masa, na je na sami Farfesa na gaya mata duka, da ƙofar baya, da safar da ake rufe wa jimina kai, da abin da ya faɗa a kan yatsu da tsagar baki. Na shirya wa faɗa, ko ma abin da ya fi faɗa. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Sannan ta ce tun da ta fara wannan wasa ba wanda ya taɓa cinye ta, kuma ranar da aka cinye ta ba ta sani ba, har ta kaɗa wa mutumin yatsa. Ta ce ita duk rayuwarta ƙashin jimina ta riƙe, ba ta taɓa sa hannu a bakin mai rai ba, kuma tana da tambayoyi da yawa da babu littafin da ya amsa mata. Ta tambaye ni ko zai dawo. Daga ranar ban sake ganin ta yi wa wani baƙo wasan ba, kuma ni na kashe mata shi.

Na kira Baba a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na gaya masa na faɗa mata gaskiya, ta ce shi ne mutum na farko da ya gane tsuntsun, kuma tana roƙon ya dawo ta yi masa tambayoyi. Ina jin kukan zabi a bayansa, don ko da ya bar gidan Alhaji bai iya zama ba tsuntsu ba.

“Madalla,” ya ce. “Ka gaishe ta. Amma ido ya warke, me zan zo yi kuma?”

Na yi ta roƙo, ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “Wannan ɗan tsuntsun naku. Ka ce namijin ne ke kwanci shi kaɗai?”

“Shi kaɗai, Baba.”

“Shi ke yawo da 'ya'yan?”

“Shi ne.”

“To in sun girma, suna gane shi?”

Na auna kawunan tinamu har ban san iyaka ba, na san tsawon kowane ƙashi a bakinsa, amma wannan ba ta cikin abin da na auna. Na ce ban sani ba.

“Na jimina dai ba sa ganewa,” ya ce. “In suka kai shekara har faɗa suke yi da shi a kan abinci. Amma in lokaci ya zagayo, sai ka gan shi ya sake durƙusawa yana haƙa gurbi.”

Ya jira ni kaɗan, sannan ya tambayi lafiyar matata, ya ce in riƙa sa kwat in zan fita, sannan ya ce bari ya je, zabin ba su sha ruwa ba.